Tsohuwar Akori-kura da Kafaɗar Maigida: Abin da Ya Kamata a Sani Kan Famfon Sitiyari na Lantarki

Duk wanda ya taɓa tuƙa tsohuwar akori-kura wadda ba ta da fawa ya san inda wahalarta take. Idan tana gudu a kan titi, sitiyarin ba ya da nauyi sosai. Amma a bakin kasuwa, an lafta mata buhuna, ana so a juya ta a lungu ko a yi ribas da ita zuwa ƙofar sito, nan ne direba zai ɗaga daga kujera ya sa ƙarfinsa duka, hannu bisa hannu, gumi na tsiyaya. Saurayi zai wuni yana wannan ya kwana lafiya lau. Dattijo kuwa, sai dare ya yi kafaɗa take karɓar bashinta.

A Amurka akwai dubban mutane masu riƙe da irin waɗannan tsofaffin motoci, suna ji da su kamar yadda ake ji da dokin gado. Ford F-100 da aka ƙera tsakanin 1953 da 1983, da Chevrolet C10 da ta fito a 1960, su ne kan gaba. Da yawa daga cikin masu su sun manyanta tare da motocin, hannu ya fara gazawa, amma zuciya ba ta yarda a rabu ba. Daga cikin dabarun da suka samo akwai ɗauko famfon man sitiyari mai aiki da batir daga wata ƙaramar mota ta zamani, a dasa shi a jikin tsohuwar. Dabarar tana aiki, kuma tana iya ƙara wa direba shekarun tuƙi. Sai dai nauyin da aka sauke daga kafaɗa ba ɓacewa yake yi ba, kan batir da wayoyi yake komawa. Idan aka yi sakaci a nan, maganin ciwon kafaɗa yana iya zama sanadin gobara.

Yadda fawa take aiki

Wani injiniya Ba'amurke mai suna Francis Davis ne ya nuna sitiyari mai aiki da ƙarfin mai a 1926. An yi amfani da fasahar a manyan motocin soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan kamfanin Chrysler ya sa ta a motarsa Imperial a 1951, ya fara sayar wa jama'a. A motocin ɗaukar kaya kuwa, an daɗe ana ɗaukar fawa a matsayin ƙari wanda sai mai saye ya biya kuɗi na daban. Manomi mai lissafin kwabo yakan ce a bar shi, hannunsa ya isa. Shi ya sa da yawansu suka fito daga masana'anta ba tare da ita ba.

Abubuwa uku ne suke haɗuwa su ba da fawa. Akwai famfo mai matsa mai, akwai tiyo mai kai man, akwai kuma akwatin sitiyari wanda a cikinsa akwai bawul da fistin. Da direba ya murɗa sitiyari, bawul ɗin zai buɗe wa mai hanya zuwa gefe ɗaya na fistin, man ya tura shi, tayoyi su juya. Direba yana nuna hanya ne kawai, man ne yake yin dakon. Ƙarfin matsin ba na wasa ba ne. A ma'aunin da mai faci yake auna iskar taya, inda tayar ƙaramar mota take tsayawa tsakanin 30 da 40, man sitiyari yana kaiwa 1,000 zuwa 1,500.

A tsarin da aka saba, bel ne yake juya famfon daga jikin inji. Wannan yana da aibi guda da aka daɗe da sani: gudun famfo yana bin gudun inji. Lokacin da ake fakin, inji yana silo, famfon yana kan mafi ƙarancin gudunsa, alhali a lokacin ne ake buƙatarsa ƙwarai. A babbar hanya kuma, inda sitiyari ba ya neman taimako, famfon yana ta juyi a banza yana cin ƙarfin inji yana ɗumama mai. Idan bel ya tsinke ko inji ya mutu, fawa ta tafi nan take.

Famfon lantarki yana da ƙaramar motarsa a jikinsa, da tankin mai a samansa, duk a dunƙule wuri guda. Ba ruwansa da bel, ba ruwansa da gudun inji. Sauran tsarin, wato tiyo da akwati da mai, yana nan yadda yake.

Abin da ya ja hankalin masu tsofaffin motoci

Babban dalili shi ne wuri. Tsohon inji wanda aka ƙera ba don fawa ba, ba shi da mazaunin famfo, ba shi da gurbin bel na biyu. Wasu kuma sun cire tsohon injin sun dasa sabo, sun ƙara na'urar sanyaya mota, har gaban injin ya cika babu inda za a rataya wani abu. Famfon lantarki ana iya ɗaure shi a gefen ɗakin inji, ko a jikin shasi, ko ma ƙarƙashin bodin baya, muddin tiyo da waya za su kai. Akwai kuma masu cire injin fetur gaba ɗaya su mayar da motar mai aiki da batir. Kamfanin Ford da kansa ya nuna wata F-100 ta 1978 da ya mayar ta lantarki a 2021. Motar da ba ta da injin fetur ba ta da bel mai juyi a koyaushe, don haka dole a nemo wa sitiyari wata hanya.

Dalili na biyu shi ne sauƙin samu. Kamfanoni sun ƙera miliyoyin ƙananan motoci da wannan famfo, kuma da yawansu yanzu suna wurin 'yan gwangwan. Toyota MR2 ta shekarun 1990 tana cikin na farko da aka riƙa kwancewa. Injinta a bayan direba yake, shi ya sa tun asali aka yi mata famfon lantarki a gaba. Daga baya na Volvo S40 da V50 da C30, waɗanda aka fara daga 2004, ya fi farin jini a Amurka. A Turai kuma an fi ɗauko na Opel Astra ta 1998 zuwa 2004 da 'yar uwarta Zafira.

Kowanne da halinsa. Na Volvo an yi shi ne ya riƙa karɓar saƙo daga kwamfutar mota, ta gaya masa gudun da ake yi da saurin murɗa sitiyari. Tsohuwar akori-kura ba ta da kwamfuta. Idan famfon ya jira saƙo na ɗan lokaci bai ji ba, sai ya tashi da kansa ya tsaya a kan gudu ɗaya matsakaici. Da haka mutane da yawa suke amfani da shi, wasu kuma su sayi ƙaramar na'ura mai maɓallin ƙarawa da ragewa. Na Astra yana da waya da ake haɗawa da altaneta, don kada ya tashi sai inji ya kama. Mai wayarin da bai san wannan bambanci ba zai ce famfon ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau.

Famfo kaɗai ba ya ba da fawa

Nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi. Idan motar ta fito daga masana'anta da akwatin sitiyari na hannu zalla, babu bawul babu fistin a cikinsa, to babu inda za a cusa tiyo. Ko famfo goma aka saya ba abin da zai canza. Sai an canza akwatin da mai karɓar mai, ko an ƙara silinda mai turawa da bawul ɗinta a jikin sandunan sitiyari.

Canza akwati aiki ne da ya taɓa rai kai tsaye. Akwatin yana ɗaure ne a jikin shasi, kuma mai fawa yana murɗa shasin da ƙarfin da ya ninka na hannun mutum. Ƙarfen da ya shekara arba'in ko hamsin, tsatsa ta ci shi, yana iya tsagewa a gefen ramukan kusoshi. Masu gyaran tsofaffin Chevrolet na shekarun 1970 da 1980 sun san wannan tsagewa sosai, har faranti na musamman ake sayarwa don ƙarfafa wurin. Haka nan duk wani tayarod ko boljoyin da ya saki, wanda a da direba yake jin motsinsa a hannu, fawa za ta ɓoye shi ta kuma ƙarasa shi da wuri. Sandar sitiyari da aka yanke aka yi wa walda a bakin titi kuwa, ba abin da za a ɗora iyali a kai ba ne.

Nauyin ya koma kan batir

Ana auna yawan wutar da na'ura take ja da amfiya. Fitilun gaba guda biyu na mota, idan an kunna su tare, suna jan kusan amfiya 9 zuwa 10. Famfon sitiyari idan ana tafiya miƙe ba ya wuce kusan haka. Amma da an murɗa sitiyari har ƙarshe, mota na tsaye, yana iya jan 60 zuwa 80. Wato kamar an kunna fitilun motoci bakwai ko takwas a lokaci guda. Shi ya sa a motocin da aka ciro shi, fis mai lamba 80 ake sa masa.

Yanzu a dubi tsohuwar mota. Altanetar da yawancinsu suka zo da ita ba ta wuce amfiya 35 zuwa 60 ba, kuma wannan adadi sai inji yana gudu take ba da shi. A silo abin da take bayarwa ya ragu sosai. A ɗauka dare ne, ana ruwa, fitilu a kunne, waifa na aiki, direba yana ƙoƙarin juyawa a ƙuntataccen wuri. Famfo zai kwashi wuta daga batir, fitilu su dushe, wani lokaci famfon ya ɗauke na ɗan lokaci sitiyari ya yi tauri a tsakiyar kwana. Idan aka ci gaba a haka, batir ba zai yi ƙarko ba. Saboda haka masu yin aikin da kyau suna fara canza altaneta zuwa mai amfiya 100 ko sama, kafin ma su taɓa famfo.

Sai waya. Wayar da za ta ɗauki wannan wuta dole ta kasance ta tagulla mai kyau, wadda da rigarta kaurinta ya kai na fensir, kuma idan famfon yana nesa da batir a ƙara kauri. Wadda ake ɗaurewa a jikin mota ita ma kaurinta ɗaya, a kan ƙarfe da aka kankare fenti da tsatsa. Fis ɗin a kusa da kan batir ake sa shi, domin idan waya ta goge ta taɓa ƙarfe a ko'ina, ya yanke wutar tun daga tushe. Siririyar waya za ta yi zafi, rigarta ta narke, kuma a ɗakin inji ga fetur ga mai. Al'adar nan ta ɗaure fis da ya ƙone da zaren waya don a samu a ƙarasa gida, a wannan layin daidai take da ajiye garwashi a ƙarƙashin katifa.

Akwai alheri guda da ya kamata a faɗa. Idan an haɗa famfon yadda zai ci gaba da aiki muddin makulli yana kunne, to ko inji ya mutu a gangara fawa ba za ta ɗauke nan take ba. Kuma ko famfon ya mutu gaba ɗaya, sitiyari yana nan haɗe da tayoyi ta ƙarfe, za a iya juya shi, sai dai da nauyi. Haɗarin yana cikin bazata. Hannun da ya saba da laushi, idan tauri ya zo masa kwatsam a kwana, daƙiƙa ɗaya ta isa.

Mai, zafi da girman mota

Yawancin waɗannan famfuna an yi su ne don wani siririn koren mai, wanda ake rubuta CHF 11S ko CHF 202 a jikin gwangwaninsa. Tsofaffin akwatunan sitiyari kuwa da jan man giya aka saba cika su. Cakuɗa su, ko zuba duk abin da aka samu, yana sa famfo kuka da zafi, yana kuma iya lalata robobin da suke hana yoyo. A wanke tsarin tas, a tsaya a kan mai ɗaya, a rubuta sunansa a jikin murfi don wanda zai ƙara nan gaba.

A cikin famfon akwai allon lantarki wanda ba ya shiri da zafi ko ruwa. A ɗaure shi a tsaye, nesa da salansa, inda iska take ratsawa kuma taɓo ba ya kaiwa. Ƙaramin lagireto a kan tiyon da yake mayar da mai yana taimakawa. Riƙe sitiyari a ƙarshensa fiye da 'yan daƙiƙu yana dafa mai, yana kuma jan wuta mafi yawa.

Sannan a tuna daga ina famfon ya fito. An auna shi ne da ƙaramar motar gida. Akori-kura mai ɗaukar rabin tan zuwa tan ɗaya, da tayoyinta na asali, yawanci yana iya mata. Idan aka sa faffaɗan tayoyi, ko motar tana amfani da man sitiyari wajen ƙarfafa birki kamar wasu masu injin dizal, man da yake turawa ba zai wadatar ba. Alamar ita ce idan an murɗa da sauri sai a ji sitiyari ya cije sannan ya saki. Manyan motoci irin su gingimari da tirela ba sa cikin wannan lissafi ko kaɗan: nauyinsu ya fi ƙarfinsa, kuma da yawansu wutarsu volt 24 ce, shi kuwa na volt 12 ne.

Ta fuskar lafiyar jiki

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, wannan ɓangaren ne ya sa na ga maganar ta shafi iyali. Kafaɗa gaɓa ce mai yawan motsi, jijiyoyi huɗu ne suke riƙe da kan ƙashinta. Yawan jan abu mai nauyi, shekara da shekaru, yana goge su har su fara yagewa, kuma haɗarin yana ƙaruwa da shekaru. Alamar farko ita ce ciwo idan an ɗaga hannu sama, kamar wajen sa riga, da kasa kwanciya a kan wannan gefen. Wuyan hannu da gwiwar hannu su ma suna shan nasu. A hanya mai ramuka, sitiyarin da ba shi da fawa yakan fizge idan taya ta daki dutse, har ya targaɗa babban yatsa. Tsofaffin direbobi sun san kada a zura yatsa a cikin da'irar sitiyari.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake rufe ciwon. Direba ba zai ajiye mota ba, domin ita ce tukunyar gida. Sai ya riƙa sayen diclofenac ko ibuprofen yana sha kullum, sau da yawa ba tare da ya ci abinci ba. Waɗannan magunguna idan aka daɗe a kansu suna jawo gyambon ciki da zubar jini, suna taɓa ƙoda, suna ƙara hawan jini. Wasu daga nan suke zarcewa zuwa tramadol. Uwargida, idan kin ga maigida yana fama da sa hannu a riga, ko kullum kina tsintar fankon magani a aljihunsa, lokacin zuwa asibiti ya yi. Sauƙaƙa sitiyari yana rage abin da yake ƙara ciwon, amma ba ya ɗinke jijiyar da ta riga ta yage.

Akwai kuma haɗari ga mai gyara, musamman yara masu koyon aiki. Idan tiyon matsi ya yi ɗan ƙaramin huji, man yana fita siriri kamar allura. Matsin da bai wuce 100 ba a ma'aunin mai faci yana iya huda fata, ga shi kuwa a nan ana maganar sama da 1,000. Wanda ya shafa tiyo da yatsa don neman inda yake yoyo, man zai iya shiga cikin naman hannunsa. Da farko ba a ganin komai sai ɗan ɗigo, ciwon ma ba shi da yawa. Bayan sa'o'i hannu zai kumbura, nama ya fara mutuwa daga ciki, kuma jinkiri yana kai wa ga yanke yatsa. Wannan rauni na tiyata ne na gaggawa. Kada a matsa, kada a ɗaure, kada a jira gobe. A tafi babban asibiti nan take, a tafi da gwangwanin man don likita ya gani. Da guntun kwali ake neman yoyo. Kuma a sani, famfon lantarki yana iya tashi ko inji a kashe, da zarar wani ya murɗa makulli. A cire kan batir kafin a sa hannu.

Mu a nan gida fa?

Abin da yake sha'awa ga Ba'amurke, a wurinmu sana'a ce. Tun da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, akori-kurar 404 da 504 suka zama jakunan kasuwanninmu, kuma har yau ana ganin su tare da tsofaffin Hilux da Land Rover suna jigilar hatsi da itace da dabbobi. Famfon ma ba baƙo ba ne. Peugeot 307 da shi take aiki, haka Astra da Zafira da aka shigo da su daga Turai, don haka kanikawa a wurare irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna sun saba ganinsa.

Sai dai yanayinmu ya fi tsanani. Zafin bazara yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga ruwan damina da yake cika hanya, ga lodin da ya wuce ƙa'ida. Famfon da aka kwance daga motar da ta shekara ashirin ya riga ya ci rabin rayuwarsa. Don haka idan injin motar yana da mazaunin famfo mai bel, kuma ana samun kayansa, wannan tsohon tsarin ya fi sauƙin gyara a ƙauyen da babu mai wayarin. Famfon lantarki ya fi dacewa da inda mai bel ba zai shiga ba.

Kafin a biya kuɗi, a zauna da bakanike a yi masa tambayoyi. Akwatin sitiyarin motar yana karɓar mai, ko sai an canza shi, kuma na wace mota za a sa? Za a yanke wani ƙarfe a yi walda? Amfiya nawa altaneta take bayarwa? Ina za a sa fis, kuma mai lamba nawa? Tiyon matsi sabo ne da aka matse bakinsa da inji, ko tsoho ne da za a ɗaure da kilif? Wane mai za a zuba? Wanda ya san aikinsa zai amsa ba tare da ɓacin rai ba. Wanda ya ce a bar masa komai kawai, a nemi wani.

Bayan an gama, a ɗaga gaban motar a juya sitiyari dama da hagu sau da yawa har kumfa ta ƙare a tanki. A gwada ta a fili babu kaya babu fasinja, da fitilu a kunne. A kashe famfon da gangan sau ɗaya ana tafiya a hankali, don hannun direba ya san nauyin da zai tarar ranar da abin ya ɗauke. Bayan tafiyar minti goma a taɓa babbar wayar: idan ta yi zafi, aikin bai kammala ba. Bayan mako guda a sake duba kusoshin akwati da matakin mai.

Idan kuɗin da ke hannu ba zai kai ga akwati mai kyau da altaneta da waya da sabon tiyo ba, gara a dakata. Kafin nan a cika iskar tayoyin gaba daidai, a sa giris a gaɓoɓin sitiyari, a gyara saitin tayoyi, a rage lodi, a kuma saba da barin mota ta ɗan motsa kafin a murɗa. Waɗannan kaɗai suna rage nauyi fiye da yadda ake zato, kuma kusan kyauta ne. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba masu nema sa'a.